Yadda Ake Tafiyar Yini Guda a Jirgin Ƙasa da Ƙananan Yara

Duk wanda zai kai iyalinsa babban birni a jirgin ƙasa su dawo a ranar, abu na farko da ya kamata ya tsayar shi ne lokacin jirgin dawowa, daga nan sai ya tsara sauran yinin yana komawa baya. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin autan yaran ne yake yanke tsawon yinin. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana, mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki. Saboda haka yaron da aka tasa da sassafe, ya wuni yana kallon abin da bai saba gani ba, kafin yamma ta yi ya gama galabaita. Ku zaɓi jirgin da zai sauke ku gida kafin lokacin kwanciyarsa, ku kuma san lokacin wanda ke biye da shi. Kada ku taɓa ɗora shirinku a kan jirgin ƙarshe.

Ku sayi tikiti tun da wuri domin ku sami kujeru a haɗe, kuma in akwai masu fuskantar juna da teburi a tsakani, sun fi kowanne. Ku kauce wa lokacin da ma'aikata ke tururuwa safe da yamma. Dokar kuɗin yara ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Ingila yaron da bai kai shekara 5 ba yana shiga kyauta, a Jamus kuwa wanda bai kai 6 ba. Sai dai shiga kyauta ba ya nufin an ware masa kujera, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ɗan shekara uku a cinya na tsawon awa biyu ya san cewa kuɗin kujerar bai kai wahalar ba.

Kaya kuwa, jakar baya guda ɗaya ta isa, domin hannuwanku biyu na yara ne. A zuba kayan sauyawa na kowane yaro, da riga ɗaya ta babba, da kunzugu, da leda biyu ko uku, da ruwan sha, da ɗan abin taɓawa wanda ba ya ɓata jiki. Idan za a ɗauki keken tura yaro, to ya zama mai naɗewa.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa a duk tafiyar shi ne dakalin tasha. Tsakanin bakin dakali da ƙofar tarago akwai rata, wadda babba zai tsallake bai ma lura ba, amma ƙafar ƙaramin yaro tana iya zurmawa ciki gaba ɗaya. Ku tsaya nesa da bakin, bayan layin da aka ja a ƙasa, kowane yaro a hannun babba, har jirgi ya tsaya cak masu sauka su gama sauka. Idan ku biyu ne, ɗaya ya fara shiga ya juyo ya karɓi yaran ɗaya bayan ɗaya, ɗayan ya shigo a ƙarshe da kaya. Idan ku kaɗai ne, ku roƙi ma'aikacin jirgi ko wani fasinja ya kama muku keken, wannan ba abin jin nauyi ba ne. Wajen sauka, babba ne yake fara taka ƙasa, sannan ya jawo keken da baya, domin idan aka tura shi gaba ƙananan tayoyinsa sukan faɗa cikin ratar.

Tun a gida ku ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, ku rubuta lambar wayarku a takarda ku sa masa a aljihu. Wanda ya fara wayo a gaya masa magana ɗaya tak: in ka duba ba ka gan mu ba, tsaya a inda kake, kada ka bi kowa, mu ne za mu dawo.

A cikin jirgi, taga kaɗai takan ɗauke musu hankali na ɗan lokaci, don haka kada ku yi gaggawar fito da kayan wasa. Ku riƙa fito da su ɗai-ɗai idan gundura ta fara. Yaron da tafiya ke tayar wa zuciya a zaunar da shi yana fuskantar inda jirgi ya dosa, ya riƙa duban nesa, a raba shi da waya. A kai kowa banɗaki kamar minti 15 kafin isa.

A birni ku nufi wuri ɗaya, ko gidan namun daji ko gidan tarihi, wanda bai yi nisa da tasha ba. Na biyu sai in ƙarfi ya rage, kuma galibi ba ya ragewa. Ku ci abincin rana kafin yunwa ta fara sa su rigima, ku nemi inuwa ƙaramin ya ɗan runtsa.

Ku koma tasha da rabin awa a hannu, domin manyan tashoshi suna da dakali da yawa kuma tafiya da gajiyayyen yaro tana ninka lokaci. Yawanci barci zai kwashe su a hanya, saboda haka ku saita ƙararrawar waya, ku tashe su minti 10 kafin tasharku, ku sa musu takalma, ku leƙa ƙarƙashin kujera, sannan ku tsaya kusa da ƙofa kowa a hannun babba.