Matatar yashi ta ruwan masai: kurakuran da ke toshe ta tun ba ta tsufa ba

Akwai filayen da sokawe ba ya aiki a cikinsu komai zurfin da aka haƙa: ƙasar yumɓu da ba ta shan ruwa, ko wurin da dutse ke kusa da sama, ko inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tasowa da damina. A irin waɗannan wurare ake komawa ga matatar yashi. Ruwan da ya fito daga tankin masai ana watsa shi a kan shimfiɗar yashi mai kaurin kimanin santimita 60, ya tsiyaya ƙasa, bututu ya tattara shi a kan tsakuwa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1887 aka fara nazarinta a tashar gwaji ta Lawrence da ke jihar Massachusetts a Amurka. Idan an yi ta daidai, ruwan kan fito garau, babu wari. Idan an yi ta da ganganci kuwa, ba ta daɗewa take zama kududdufi.

Tushen yawancin kurakurai shi ne a ɗauki yashin tamkar rariya. Tacewar ƙaramin aiki ce. Babban aikin na ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin kowace ƙwayar yashi, suna cinye ƙazantar da ruwan ya zo da ita, kuma ba sa rayuwa sai da iska. Duk abin da ya hana iska shiga tsakanin yashin, ya kashe matatar.

Nan ne zaɓen yashi ya zama abin da ya fi komai. Mutane kan ɗebo duk yashin da ya fi araha, ko wanda ya rage daga gini, su zuba. Yashi mai ƙura da laka yana toshe ƙofofin iska cikin ɗan lokaci, mai manyan ƙwayoyi sosai kuma ruwa ke ratsa shi da sauri ya fita bai tsarkaka ba. Ga matatar da ruwa ke bi sau ɗaya, ana son wankakken yashi mai ƙwaya kimanin milimita 0.25 zuwa 0.5, kuma ƙwayoyin su yi kusan kai ɗaya, domin idan manya da ƙanana suka cakuɗe, ƙananan ke cike gurbin manyan. Kafin ka bari a sauke lodin, zuba yashin a kwalba, ƙara ruwa, girgiza, ka ajiye ta. Idan laka ta kwanta a sama da kauri, ko ruwan ya daɗe bai washe ba, mayar da shi. Ni a ganina a nan ne bai kamata a yi tsumulmula ba ko kaɗan, don sauya yashin bayan ya toshe ya fi sayen mai kyau tun farko tsada nesa ba kusa ba.

Sai yadda ake shayar da yashin. Barin ruwa yana kwarara ta bakin bututu ɗaya dare da rana yana jiƙa gefe guda har ya yi baƙin yauƙi, sauran shimfiɗar na zaune a bushe. Gyaransa shi ne famfo mai agogo da ke tura ruwa kaɗan-kaɗan, sau 12 zuwa 24 a rana ko fiye, ta bututai masu ƙananan ramuka da suka game ko'ina. Tsakanin turi da turi yashin ya tsane, iska ta shiga. Faɗin ma ba a ƙage shi da ka: ana lissafa kimanin lita 40 zuwa 80 a kowace murabba'in mita a rana, don haka gidan da mutane suka ƙaru a cikinsa ya wuce ƙarfin matatarsa ko da babu abin da ya lalace. Famfon kuma yana buƙatar ƙararrawar da za ta yi kuka idan ruwa ya taru, kuma wanda wutarsa ba ta tsayawa ya yi tunanin wannan tun kafin ya fara.

Wasu kuma da zarar sun ji an ce matatar ta maye gurbin sokawe sai su manta da tankin. Tankin ne ke riƙe dasƙararren kashi da maiƙo. In ya cika, su ne za su bi ruwa su liƙe saman yashin. Hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar a kwashe shi duk shekara 3 zuwa 5, kuma sanya ɗan mataci a bakin fitarsa na taimakawa ƙwarai. Kada kowa ya shiga cikin tankin, iskar da ke ciki tana kisa nan take.

Ruwan sama na rufi kada ya shiga tankin ko matatar. Kada a zuba fenti, man inji ko maganin wanki mai ƙarfi da yawa a masai. Kada mota ta hau saman matatar, kada a shuka itace kusa da ita, kada a shafe ta da siminti.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne yarda da ido. Ruwan da ya fito garau ba ruwan sha ba ne. Har yanzu akwai ragowar ƙwayoyin cuta a cikinsa, kuma yashin yana mayar da sinadarin amoniya da ke cikin ruwan masai ya zama wani sinadari mai suna naitiret, wanda idan ya shiga rijiya yana da haɗari ga jarirai. Irin matatar da ke sake zagayo da ruwan ya bi ta cikin yashin sau 3 zuwa 5 kafin ya fita tana rage wani ɓangare na naitiret ɗin, ba duka ba. Don haka a shimfiɗa roba mai kauri a ƙasan ramin inda ruwan ƙasa ke kusa, a tura abin da ya fito cikin ƙasa ya ƙarasa tsarkaka, a bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya, ko abin da dokar wurin ta tanada idan ya fi haka.