Yadda ake nazarin tufafin Mi'kmaq na da a gidan tarihi

Tun wurin nema masu koyo suke ɓata hanya. Sai mutum ya rubuta Mi'kmaq, sunan wata al'umma ta 'yan asalin gabashin Kanada, a kundin gidan tarihi, kaya biyar su fito, ya ɗauka shi ke nan. Tsofaffin katunan rajista Micmac suka rubuta, wasu kayan kuma an jingina su ga maƙwabtansu Maliseet ko Penobscot, tun da duk suna yin zanen nan na lanƙwasa biyu masu fuskantar juna. Ka gwada sunayen duka. Fara da gidan tarihin Nova Scotia da ke Halifax a Kanada, sannan McCord Stewart a Montreal.

Ka rubuta wa mai kula da kayan makonni kafin zuwanka, da lambar kowane kaya, ka roƙi fayil ɗinsa. Shekarar da ke kan kati sau da yawa ta shigowarsa gidan ce, ɗinkin kuwa ya girme ta.

Biro bai shiga ɗakin, sai fensir. Ka sa safar hannu ta roba, domin ta auduga tana kama duwatsun ado, ga shi a da ana barbaɗa wa irin kayan nan gubar arsenik saboda asu.

Yanzu ga inda aikin yake. Ajiye kyamara tukuna, ka yi rabin awa kana kallo kawai. A ce hular mata ce mai tsini, ta yadin ulu baƙi ko ja, da kintinkirin siliki da ƙananan duwatsun gilashi. Kowa adon waje yake bi, alhali bayani yana ciki. Ka roƙi ma'aikaci ya buɗe maka ita, kada ka juya da kanka, tsohon siliki tsagewa yake yi ko da ɗan motsi. Da madubin ƙara girma ka duba zaren: jijiyar dabba ce, auduga ce, ko lilin? Ƙirga ɗinki nawa ne a santimita ɗaya, a wuri uku aƙalla. In wani wurin ya saɓa, ko zarensa ya fi sauran haske, gyara ne aka yi daga baya, kada ka ɗora shekarun hular a kansa. Ɗinkin keke yana nuna aikin bai riga shekarun 1850 ba. Amma ɗinkin hannu ba hujjar tsufa ba ne, mata sun ci gaba da shi bayan zuwan keke, kuma nan ne da yawa suke ƙara wa kaya shekara hamsin da ba tasa ba.

Launi ma haka. Rinin kanti ya fara a 1856 a Ingila, don haka shunayya mai ƙarfi a kan ƙayar beguwa da suke ado da ita ta bayan nan ce. Kada ka yarda da launin waje, haske ya koɗar da shi. Leƙa cikin kalmasa ko ƙarƙashin murfin akwatin ɓawon itace.

Sai hoto: rula a gefe, ba filasha. Ka tambayi kuɗin izinin wallafawa tun farko, wani lokaci yana da tsada.

Kafin ka wallafa komai, ka kai bayananka ga masu ɗinki na Mi'kmaq, su suka san sunayen zanen da abin da bai kamata a yaɗa ba. Kayan nan da masu su: a 2023 gidan tarihin Melbourne a Ostireliya ya mayar wa al'ummar Mi'kmaq ta Millbrook a Nova Scotia tufafinsu da aka tafi da su tun ƙarni na 19.