In laulayi ya hana ki riƙe ko ruwa a ciki, ga yadda za ki yi

Laulayi kala biyu ne 'yar uwa. Akwai wanda kusan kowa ta sani, tashin zuciya da safe, ki yi amai sau ɗaya ko biyu ki tashi ki ci gaba da aikinki, yakan fara wajen sati na 6 ya lafa kafin sati na 16 zuwa 20. Akwai kuma wanda ko ruwa kika kurɓa sai ya dawo, yawu ya cika baki har sai an ajiye miki gwangwani da ƙasa a gefen katifa, ki rame ki yi zuru-zuru, kina miƙewa jiri ya ɗebe ki. Wannan na biyun ciwo ne, likitoci suna ce masa hyperemesis gravidarum, kuma a mata masu ciki 100 yakan samu 1 zuwa 3. Dan Allah a daina cewa raki ne ko langaɓewa, matar Yarima William na Ingila ma sai da aka kwantar da ita a asibiti a 2012 saboda shi, ita da ba ta surfe ba ta ɗebo ruwa.

Abin da ya fi kayar da mace a nan bushewar jiki ne, yunwa tana bayansa. To ya za ki gane ruwan jikinki ya yi ƙasa? Ki duba fitsarinki. In ya koma ja-ja mai wari, ɗan kaɗan, ko kin yi awa 8 ba ki zaga ba, leɓe ya tsage, ido ya faɗa, zuciya tana bugawa da sauri, jiki ya fara bushewa kenan. Mu da muke fama da zafin bazara a Maris zuwa Mayu, zufa ma tana kwashe nata, abin ya fi saurin zuwa.

Yadda ake shan ruwan shi ne sirrin. Kar ki ɗaga kofi ki shanye don ƙishi ya dame ki, cikin zai wullo shi. In kin yi amai ki ɗan huta kamar minti 10, sannan ki fara da cokali ɗaya, ki jira minti biyu ko uku ki ƙara, haka haka har yini, wanda ya zauna ya fi wanda ya dawo ai. Mai sanyi ya fi zama, na randa ko a samo miki ƙanƙara mai tsafta ki dinga tsotsa. Ki aika kemis a sayo ORS, garin gishiri da sukari da ake jiƙawa don mayar da ruwan jiki, a zuba ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato fiya wata leda biyu. In babu, ki haɗa da kanki, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe ba a tsoro ba, gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi, a lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Kar a ƙara gishiri wai don ya fi aiki, illa zai yi. Wanda ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Kankana ma tana taimakawa, da farau-farau in ruwansa mai tsafta ne.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan akai-akai, kar ki bar cikin wayam domin yunwa tana ƙara tashin zuciya. Ki ajiye busasshen biredi ko biskit a kusa ki ci kafin ki sauko daga gado. Koko mara yaji, kunun tsamiya, farar shinkafa, dafaffen dankali. Ki raba ci da sha, ba lokaci ɗaya ba. Citta tana kwantar wa wasu da tashin zuciya mai sauƙi, amma in abin ya yi tsanani gaskiya ba ta isa.

Warin daddawa, suya, hayaƙin murhu da turaren wuta su ne manyan masu tayar da aman, saboda haka maigida da uwar miji da abokiyar zama a ɗauke mata girki na ɗan lokaci, ba don ta fi kowa ba. Azumi ma shari'a ta ba mai ciki sauƙi in tana tsoron cutuwa, ki tambayi malami yadda ake ramuwa.

Jiƙe-jiƙe da kanwa da duk wani sassaƙe da aka ce yana tsayar da amai, ni dai ba na goyon baya, babu wanda ya san ma'auninsu kuma wata ukun farko ne ake halittar jariri. Haka allurar kemis ba tare da an duba ki ba. Akwai magungunan amai da likitoci suke ba masu ciki, irin su promethazine da metoclopramide da bitamin B6, amma su za su rubuta. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo takan tsananta aman, ki gaya wa malamar awo, za ta iya ɗage miki ita a bar ki da ƙwayar bitamin ɗin nan folic acid zuwa ki samu sauƙi.

In kin yi awa 24 babu abin da ya zauna, ko akwai jini a aman, ko zazzaɓi, ciwon mara, zubar jini, suma, ko kin fara ruɗewa kina gani bibbiyu, a nemi mota a tafi, kar a ce sai maigida ya dawo daga cirani ko sai ranar kasuwa. Ƙaramin asibitin garinku zai iya sa miki ƙarin ruwa, in ya fi ƙarfinsu su tura ki babban asibiti, irin na Jahun ko Hadejia ko Birnin Kudu, ko Murtala da na Malam Aminu Kano in kina kusa da birnin Kano. Ki roƙa a yi gwajin maleriya da na fitsari don su ma suna kawo amai, a yi hoton ciki kuma, tagwaye suna sa laulayi ya yi tsanani. In kin yi makonni kina amai ki faɗa musu tun farko, ana ba da bitamin B1 kafin a ɗaura ruwa mai sukari don kare ƙwaƙwalwa. Bayan an sallame ki kar ki ajiye maganin don kin ji dama kwana biyu, yakan dawo, kuma in ya dawo ki koma ba kunya, wasu sai an yi musu ƙarin ruwa fiye da sau ɗaya kafin cikin ya yi ƙwari.