Darasi na 7: Ƙarfin Tsoka Bayan Shekara 60

Daga shekara 30 tsokar jikin mutum takan fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. A gida ake fara ganin alama: Baba ya koma yin salla a zaune, Inna sai ta dafa bango kafin ta tashi daga tabarma.

Ga gwaji mai sauƙi. A jingina kujera da bango, dattijo ya harɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. In ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfi ya ragu. Sai a aro tef na tela a auna kaurin tsokar bayan ƙwauri. Ƙasa da santimita 31, a kai shi asibiti, ko Barau Dikko da ke Kaduna ko na kusa, domin tibi da ciwon suga da daji su ma suna ramar da mutum.

Mutane da yawa kemis suke fara nufa. Yawancin magungunan buɗe ciki suna ɗauke da cyproheptadine. Yana sa cin abinci, amma abin da yake ƙarawa kitse ne. Yana kawo barci da jiri, tsoho ya tashi fitsarin dare ya faɗi ya karya ƙugu. Namijin da fitsari ke masa wahalar fita kuwa, zai iya tsaya masa cak. Wanda ya fi muni shi ne dexamethasone, da ake kira "sha ka fashe". Kumatu su cika, 'yan uwa su yi ta barka, alhali yana cinye tsokar cinya, yana rage ƙwarin ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Allurar homon ɗin maza, wato sinadarin jiki da ake kira testosterone, tana ɗan ƙara tsoka, sai dai tana kaurara jini. Ba a ba da ita sai gwajin jinin safe ya nuna ƙaranci. Homon ɗin girma kuwa kumburi da ciwon gaɓoɓi yake kawowa, ƙarfin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke gina tsoka shi ne a ɗora mata nauyi. A 1990 a Boston ta Amurka, an sa tsofaffi 'yan kimanin shekara 90 atisayen ƙafa na mako 8, ƙarfinsu ya fi ninki biyu. Yawo a dandalin Murtala na Kaduna yana da kyau ga zuciya, amma shi kaɗai bai isa ba.

A yi atisaye kwana 2 ko 3 a mako, a bar kwana guda tsakani. Tashi da zama sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita. Haka ma ɗaga dunduniya ana riƙe da kujera, da ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Da ya zama da sauƙi, a cika gorar da yashi, don nauyin da ba ya ƙaruwa ba ya ƙara komai. Kada a riƙe numfashi wajen ɗagawa, jini yana hawa. Ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya.

Sai abinci. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72 na furotin kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. A raba shi safe, rana da dare: ƙosai ko alala, awara, kindirmo, kifi, dambun nama ga mara haƙori. Koko zalla ba ya gina tsoka. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ƙara.