Kurakuran da aka fi yi wajen saka bawul mai riƙe ragowar matsi a birkin mota

Bawul mai riƙe ragowar matsi ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ana ɗaura shi a bututun man birki domin ya hana matsin da ke cikin bututun sauka gaba ɗaya bayan direba ya ɗaga ƙafarsa. An fi amfani da shi a Amurka, wurin masu sabunta tsofaffin motocin shekarun 1930 da 1940, waɗanda mastan birkinsu, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, ke zaune a ƙarƙashin daɓen mota, amma makaniken da ya taɓa cire birkin ganga ya maye gurbinsa da na faifai mai yiwuwa ya yi mu'amala da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Iri biyu aka fi sayarwa, mai psi 2 (psi ma'aunin matsi ne) na birkin faifai da mai psi 10 na birkin ganga, kuma kamfanin Wilwood yana bambanta su da launi: shuɗi na farko, ja na biyu.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne barin mai psi 10 a layin da ke zuwa birkin faifai. Birkin ganga yana da sifirin masu ƙarfi da ke janye takalman birki da zarar an saki feda, saboda haka psi 10 ba ya iya tura su. Aikinsa kawai ya riƙe leɓen robar da ke cikin silindar taya a manne da bango, don kada iska ta kutsa a lokacin da fistin ke komawa. Kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifai a birkin faifai, ba ta da irin wannan sifirin. Robar da ke zagaye da fistin ita ce ke lanƙwasawa ta jawo shi baya da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, kuma ƙarfinta kaɗan ne. Idan faɗin fistin milimita 54 ne, psi 10 zai ci gaba da danna shi da nauyin da ya kai kusan kilo 16, ko da ƙafar direba ba ta kusa da feda. Daga nan faifai ya ɗauki zafi, fad ya cinye kafin lokacinsa, mota ta riƙa jan jiki, kuma idan tafiya ta yi nisa man birkin na iya tafasa, domin sabon man birki nau'in DOT 3 ma mafi ƙarancin zafin tafasar da aka gindaya masa digiri 205 ce a ma'aunin Salsiyos, wanda ya sha danshi kuwa bai kai nan ba.

Sau da yawa makanike bai saka bawul ɗin da hannunsa ba. Tsofaffin masta da aka ƙera domin birkin ganga suna zuwa da nasu a ɓoye cikin bakin da bututu ke shiga, a bayan wata 'yar mazaunin tagulla. Wanda ya sauya birkin gaba zuwa faifai ya bar tsohon masta yadda yake, ya gaji matsalar ke nan. Gane ta ba wuya: a ɗaga motar a kan jak, a taka birki a saki, a juya taya da hannu, idan ta yi tauri, sannan aka ɗan sassauta nonon fitar da iska mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, to akwai matsin da ya maƙale a layin. Kafin a ɗora wa bawul laifi a duba tiyon roba da ya kumbura ta ciki da sandar feda da ta yi tsawo, domin su ma suna kawo wannan alamar. In an tabbatar shi ne, sai a zare mazaunin tagullar a cire bawul da sifirinsa a sa sabuwar mazauni, ko kuma a sayi mastan da aka yi domin faifai, wanda a ganina ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma masu saka mai psi 2 inda babu buƙatarsa. Amfaninsa ɗaya ne, wato hana mai gangarowa daga kalifa zuwa masta idan masta da tankinsa sun fi kalifa ƙasa, abin da ke sa sai an yi famfon feda sau biyu kafin birki ya kama. Psi 2 yana iya tare man da tsayinsa ya haura mita ɗaya, wanda ya wadatar. Motar da mastanta ke manne a bangon injin, sama da tayoyi, ba ta da wannan larura, mai ABS (na'urar hana tayoyi kullewa) kuwa bai kamata a yi mata ƙari a layin birki ba tare da umarnin kamfanin da ya ƙera ta ba.

Mafi yawan waɗanda ke neman bawul ɗin feda mai laushi ce ta kai su, alhali laushin feda yakan fito ne daga iskar da ba a fitar ba, ko takalman ganga da ba a daidaita ba, ko mastan da faɗin cikinsa bai dace da kalifa ba. Bawul na iya ɗan ɗaga feda ya rufa wa ciwon asiri na wani lokaci, amma iskar tana nan. Haka kuma ba shi ne bawul mai rage wa tayoyin baya matsi don kada su riga na gaba kullewa ba. Aikinsu daban, ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya.

Sauran kurakuran na ɗauri ne. Bawul ɗin yana da mashiga da mafita, an kuma yi musu alama a jikinsa, kuma wanda aka juya ba zai riƙe matsi a ɓangaren taya ba. Wurinsa kusa da masta ne, kafin bututu ya rabu zuwa hagu da dama. Zaren jikin na Wilwood na NPT ne, wato zaren bututu na Amurka, mai 1/8-27, don haka notin M10 na motocin Japan da Turai ba zai zauna ba sai da mahaɗin da ya dace, kuma tilasta shi da sifana yoyo yake haifarwa. Bayan an gama ɗauri a fitar da iska daga dukkan tayoyi, a yi 'yar gajeriyar tafiya, a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowane faifai don jin ko wani ya fi 'yan uwansa zafi.