Yadda ake yi wa tsohuwar jitar Hawaii ƙafafu ba tare da an huda jikinta ba

Jitar da nake magana a kai ita ce wadda ake kwantar da ita a cinya, ana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiya maimakon danna ta da yatsa, shi ya sa Turawa ke ce mata steel. Asalinta daga tsibirin Hawaii ne, wani Joseph Kekuku ake danganta salon da shi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk wanda ya saba jin kiɗan juju na King Sunny Ade ya san wannan sautin mai kamar kuka, Demola Adepoju ne ya riƙa kaɗa masa irin ta mai feda. To matsalar ita ce in ka daɗe da ita a cinya baya ke gajiya, in kuma wajen taro ne kana son ka tsaya, dole sai ta samu ƙafa. Kuma nan ne mutane ke lalata kaya mai daraja. Na ga mutum uku da idona, kowa da ya samu ƙafafu sai ya kifa jita ya ɗauko injin huda. Dan Allah kar ka yi haka.

Fara da juya ta ka duba ƙasanta da kyau. Wasu daga kamfani suka zo da wajen ɗaura ƙafa, kamar Fender Stringmaster da ta fito a 1953, ko Console Grande ta Gibson, za ka ga ƙarfe zagayayye mai rami an dasa shi cikin katakon. In taka irin wannan ce aikinka ya yi sauƙi, ƙafa kawai za ka nema, sai dai ka kula da abu guda: haƙoran ramin na inci ne, na Amurka, yawanci rabin inci mai haƙora 13 a kowane inci, mu kuma abin da ya cika kasuwarmu na milimita ne. Bolti mai lamba M12 zai yi maka kamar ya shiga, ya yi zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, in ka sa sifana ka matsa shikenan ka cinye haƙoran da suka shekara saba'in lafiya lau. Ka gwada da hannu kawai, duk boltin da bai shige da yatsu biyu ba, ba nata ba ne.

Amma yawancin waɗanda ke yawo a hannun mutane ƙanana ne marasa wajen ƙafa, irin na kamfanonin Supro da National da Oahu da Magnatone, don cinya aka yi su. Waɗannan ba a huda su, magana ta ƙare. Jikinsu ba kauri, a ciki an rarake wajen maganaɗisun da ke ɗaukar sauti da wajen wayoyin bolum, kana tura sukuru daga ƙasa ba ka san inda zai ɓullo ba. Da yawansu kuma an lulluɓe su da wata tsohuwar roba mai ƙyalli kamar lu'ulu'u wadda ta bushe da shekaru, bakin injin na taɓa ta take darewa. In kuwa Rickenbacker ce ta bakelite, wata roba mai tauri, irin waɗanda aka fara yi a 1935, wannan ai kamar tangaran take, ba gam ɗin da zai mayar maka da ita yadda take. Ga kuma kuɗi, jita mai ramuka huɗu a ƙasa farashinta ya faɗi ke nan ko da sautin bai canza ba.

Abin da ake yi shi ne a yi mata gado. Wato faffaɗan katako da za ta kwanta a kai, ƙafafun a jikin katakon za su zauna, jita ba ruwanta da ko ƙusa ɗaya. Ka shimfiɗa kwali ka ɗora ta ka zagaya da fensir, ka yi alamar inda wayar amfilifaya ke shiga don kar ka toshe shi, sai ka kai wa kafinta kwalin, jitar ka bar ta a gida. Katako ya zama kaurin santimita 2 zuwa 2 da rabi, faɗinsa kamar 30 ko da jitar ba ta kai haka ba. Ni madaci nake so ko filawud mai kauri, amma ko wanne ne ya zama busasshe, ɗanyen katako da hunturu ya shigo zai murɗe ka ga ƙafa ɗaya ta tashi daga ƙasa. In kana son rage kashe kuɗi saman tsohon tebur ko murfin durowa ya fi sabon katakon kasuwa, ya riga ya gama bushewarsa.

Yanzu ga wajen da na ci wuya, shi ne karkatar ƙafa. Gadon farko da na yi ƙafafunsa a miƙe suke sak kamar na tebur, na ga ya yi kyau, na ɗora jita na kaɗa kwana biyu ba komai. Rana ta uku wani yaro ya zo wucewa ƙafarsa ta ja wayar amfilifaya, ba ma da ƙarfi ba, gaba ɗaya abin ya kife ta gaba, kan jitar ya bugi siminti, maɓallan ɗaure tsirkiya biyu suka karye ɗaya ya lanƙwashe. Wata huɗu ina neman irinsu, kuma waɗanda na samu har yau kalarsu ba ta zo ɗaya da sauran ba, duk lokacin da na kalle ta sai raina ya sosu. Dalilin a fili yake, tebur yana da faɗi, wannan kuwa abu ne siriri mai tsawo, faɗi 30 tsayi 70, nauyin kuma duk yana sama, iska ma tana iya tura shi.

Saboda haka ƙafa dole ta buɗe waje, digiri 10 shi ne abin da nake yi, kar ka yi ƙasa da haka. In ba ka da abin auna kusurwa ga hanya mai sauƙi, ka yanka guntun katako mai tsawon santimita 10, gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu da santimita 1.8, wannan gangaren shi ne digiri 10. Ƙafa mai tsawon 70 in ta karkata haka gindinta zai fita waje da kamar santimita 12, gaba 12 baya 12, ka ga faɗin da ke ƙasa ya haura 50 ke nan, abin ya zauna daram. Kuma karkatar ta fi muhimmanci ta gaba da baya, ta gefen hagu da dama tsawon katakon ya riga ya tare maka, ɗan kaɗan ya isa. Masu farawa sukan juya abin, su buɗe ƙafafu hagu da dama saboda ya fi kyan gani daga gaba, alhali ba ta nan take faɗuwa ba.

Da guntun katakon nan za ka je wajen mai walda. Abin da za ka ce ya yi maka, falankin ƙarfe huɗu ƙanana kowanne da ramin sukuru huɗu, a tsakiyar kowanne a like noti a karkace bisa wannan gangaren, sai fayif huɗu na inci ɗaya a like bolti a kan kowanne. Ka tsaya a kansa, kar ka tafi ka dawo. In ka tafi da ido zai auna, huɗun kowanne da inda zai kalla. Guntun katako ɗaya za a yi amfani da shi a duka huɗun, kuma a bar bolti cikin noti lokacin walda don kar tartsatsi ya shiga haƙoran. Tunda kai ne ka sayi noti da boltin tare, nan ba ruwanka da maganar inci ko milimita, M12 ya yi. Wasu na cewa ƙafa uku ta fi don ba ta rawa a ƙasa mara daidai, gaskiya ne ba ta rawa, amma ka dafa kusurwar da ba ƙafa ka gani. Huɗu za ka yi.

Tsayi kuwa, zauna a kujerar da kake kiɗa ka auna daga ƙasa zuwa saman gwiwa ka ƙara santimita 4 ko 5, yawanci yana faɗawa tsakanin 65 da 70. Na tsaye ka auna zuwa ɗan ƙasa da gwiwar hannu, amma ka cire kaurin katako da na jitar, mutane na manta wannan sai su ga kafaɗa a ɗage. In ƙafar tsaye za ka yi ƙara karkatar zuwa digiri 12, tsawo na ƙaruwa haɗari na ƙaruwa.

Ɗaura falankin a kusurwoyi huɗu ta ƙasa, can bakin katako don gwiwoyinka su samu wajen shiga, fara huda ƙaramin rami kafin sukuru, ka naɗa salatif a bakin injin don kar ya ɓullo sama. Sai ka kafa ƙananan guntayen katako a sama su tare jitar ta gefe huɗu. Abin shimfiɗa kuma yadin auduga ko tsohon bargo, banda roba, banda tif ɗin mashin, banda ledar kujera, saboda fentin tsofaffin jitocin nan roba na narkar da shi, ka bar ta sati biyu a kai ka ɗaga ka ga tabo ya kama. A gindin ƙafafu ne wajen roba, irin ta ƙafar kujerar ƙarfe. Samfefa, fenti, a bar shi ya bushe sosai har wari ya fita.

Kafin ka ɗora jita ka ɗora bulo ko jarkar ruwa lita 5 a kai, ka tura ta gaba, ka tura ta baya, ka ja da igiya kamar yadda waya za ta ja. In ƙafa ɗaya ta ɗaga cikin sauƙi koma wajen mai walda. Wayar amfilifayar kuma ka naɗe ta sau ɗaya a ƙafar baya kafin ka soka ta a jitar.