Jirin teku a ƙaramin jirgin ruwa: kurakuran da aka fi yi

Da hamma abin yakan fara. Kana zaune a saman jirgi, iska ta cika filafilai, jirgin ya ɗan karkata gefe guda yana tsaga ruwa, sai ka ga kana ta hamma ba gaira ba dalili. Can sai gumi mai sanyi ya tsattsafo maka a goshi, yawu ya taru a baki, hirar da ake yi ta fita a ranka. Daga nan zuwa amai babu nisa. Ƙaramin jirgin shaƙatawa mai tafiya da iska ba ɗaya yake da manyan jiragen nan masu benaye rututu ba, waɗanda ke da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage musu tangaɗi. Shi ƙarami, duk igiyar ruwan da ta taso sai ka ji ta a jikinka.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne rugawa ɗaki da zarar zuciya ta fara tashi. A can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa a ciki, aikinsa sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin da jiki ya yi. In kana cikin ɗaki, kunne na cewa lilo ake yi, ido kuwa yana kallon bango da gadon da ke motsi tare da kai, yana cewa komai tsaye yake cak. Wannan saɓanin ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Don haka fitowa za ka yi, ka sha iska, ka kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, domin ido ya ga abin da kunne ke ji. Waya da littafi kuwa ajiye su. Minti kaɗan na sunkuyawa kan waya ya isa ya ɓata maka yini. In kwanciyar ta zama dole, ka kwanta rigingine, ka rufe ido, ka tallafe kai da matashi kada ya riƙa juyawa. A ƙananan jirage matuƙi kan bar fasinja ya riƙe sitiyari na ɗan lokaci. Karɓa, kada ka ji nauyi. Wanda ke tuƙi yana ganin igiya tun kafin ta iso, jikinsa na shirya mata, kamar yadda direban mota ba kasafai yake jiri ba ko da na baya suna amai.

Sai batun magani, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Mutum zai zuba ƙwaya a jaka ya ce sai ya ga yadda hali ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar zuciya ta tashi, ciki yakan rage aiki, ƙwayar ta zauna ba ta shiga jiki ba, ko ma ta dawo tare da amai. Maganin jiri mai suna Dramamine ana shan sa ne minti 30 zuwa awa 1 kafin a tashi, Stugeron kuma awa 2. Akwai wata ƙaramar filasta, Scopoderm, da ake mannawa a bayan kunne awa 5 zuwa 6 kafin tafiya, ko tun daren jajibiri, tana aiki har kwana 3. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu sosai, don in maganin ya shiga ido gani kan yi dishi-dishi. Tana kuma busar da baki, kuma ba ta dace da mai hawan jinin ido ba. Mai juna biyu, da mai yaro ƙarami, da wanda ke kan wasu magunguna, su fara jin ta bakin likita. Ni a ganina ma gara ka gwada maganin a gida tukuna, domin akasarinsu na sa barci. Ba daɗi ka biya kuɗin tafiya ka ƙare da gyangyaɗi. Kada a haɗa su da barasa.

Wurin kwana ma tun ranar yankan tikiti ake kuskurensa. Wasu na zaɓar ɗakin gaba ko na sama don kyan kallo, alhali goshin jirgi ne ya fi ko'ina tashi da faɗuwa. Nemi ɗakin tsakiya, ƙasa-ƙasa, kusa da fuskar ruwa. Can baya kuma injin yake, domin jirgin iska ma yana da inji, kuma warin man dizal kaɗai ya isa ya tayar da zuciya.

Wasu kan ƙi cin komai, wai don kada a samu abin amayarwa. Ciki wayam ya fi wahalarwa, yunƙurin amai ba abin fitarwa kuwa azaba ce. Cika ciki da maiƙo shi ma haka. Ci kaɗan-kaɗan, busasshen biskit ko burodi, ka riƙa kurɓar ruwa. Citta na taimaka wa wasu. Awarwaron nan da ake ɗaurawa a wuyan hannu don hana jiri, ba ya cutarwa, amma ni ba zan dogara da shi kaɗai ba.

In aman ya zo, to ya zo. Abin lura shi ne iska: kada ka fuskanci inda take busowa, in ba haka ba kai da na kusa da kai za ku sha wanka. Koma ɓangaren da take wucewa, ka riƙe ƙarfe gam. In teku ta yi fushi ko dare ya yi, manta da bakin jirgi, nemi bokiti, domin mai jiri ƙafarsa ba ta da tabbas. Kuma ka gaya wa ma'aikatan jirgi, kada kunya ta sa ka ɓuya. Sun ga irinka ba adadi. Masanin kimiyyar nan ɗan Ingila, Charles Darwin, ya yi kusan shekara 5 a wani jirgin ruwa mai suna Beagle, daga 1831 zuwa 1836, jirin teku bai taɓa rabuwa da shi ba. Shi dai nasa ya yi tsanani. Yawancin mutane jikinsu kan saba cikin kwana 2 zuwa 3. Amma wanda ya wuni yana amai, ko ruwa ba ya zama a cikinsa, fitsari ya ragu, wannan ya wuce a ce a yi haƙuri, taimako yake buƙata.

Ranar da kuka sauka, kada ka yi mamaki in ka ji ƙasa na lilo da kai, musamman in ka tsaya cik ko ka rufe ido a banɗaki. Ƙwaƙwalwa ce ba ta gama dawowa daga teku ba. Yakan wuce cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. In ya ja makonni, je ka ga likita.